Sun Ga Cikin Kan Yayata

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwa. Ga ta nan tafe, amma ba irin wadda ake yi wa yara don barci ya ɗauke su ba ce. Wannan ta faru, kuma wadda ta faru da ita tana kwance a maƙabartar Farin Dutse, ƙasar kabarinta ko gama kwantawa ba ta yi ba. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. 'Yata ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta yi wa maganata ado.

Ranar sadakar uku gidan ya cika har zaure. Mata daga Zandam, mata daga Gwaram, har da na Birnin Kudu. Kowace ta shigo ta durƙusa.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Mu ce amin. Sai ido ya fara yawo, ana neman matar ɗanta, wadda Yaya take kira Amarya ko da yake ta kusa aurar da 'ya. In an same ta sai a riƙe hannunta biyu.

"Sannu da jinya, 'yar albarka. Ko 'yar cikinta iyakar abin da za ta yi ke nan."

Ni kuwa ina gefen rumbu a kan tabarma. A ba ni gaisuwa ɗaya a wuce, kamar wadda ta yo rakiya.

Wata tsohuwa mai daddawa, wadda ita da Yaya suka tsufa suna ciniki suna faɗa, ta fyace hanci da bakin zane ta ce, "Yau an rufe mana ma'ajiya. Abin da na gaya wa matar nan, da wata na gaya wa, da tuni na bar garin nan."

Wata kuma, baƙuwa, ta sunkuyo ta ce, "Ba ita ce aka ɗauki hoton cikin kanta ba? An ce har ƙwaƙwalwa aka gani, kan yana juyawa kamar ƙwarya a kan ruwa."

"Ita ce. Hoton ma yana nan."

"Wurin wa?"

"Wurin Amarya."

Duk suka juya. Baƙuwar har da cewa ko za a ɗan fito da shi su gani. Amarya ta ce ba abin kallo ba ne. Wannan dai ta kyauta, ba zan danne mata ba.

Amma ku ji ni da kyau. Sama da shekara sittin kan nan yana tsakanin gwiwoyina. Babu hannun da ya taɓa yi masa tsaga sai nawa. Kuma mai shi ta yi mini alkawari da bakinta cewa hannun da ya fara shi ne zai ƙare, ni zan yi mata kitson ƙarshe ranar da aka kwantar da ita. A cikin masu makokin nan babu wadda ta tambaye ni ko alkawarin ya cika. Hoto suke tambaya. To zan faɗa ko ba a tambaya ba, sai dai zan ɗauko daga tushe.

Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, fuskarta ma ban riƙe ba. Yaya ce ta goya ni, ita kanta a lokacin ba ta isa ɗaukar tulu babba ba. Ita ta koya mini kitso, kuma a kanta na koya, don ba mu da wani kan da za mu ɓata. Ta zauna a ƙasa, ni in hau kifaffen turmi, in ja in tsinke.

"Wayyo, Auta! Kitso na ce, ban ce ki fige ni kamar kaza ba."

Auta take ce mini. Har na yi jikoki, har haƙorana suka zube, ban tashi daga Auta ba.

Abu ɗaya mahaifiyarmu ta bari da ya zo hannunmu, ɗan zoben azurfa siriri, wanda ya yi wa yatsan kowa kaɗan. Yaya ta ce a ɗaure shi cikin kitson ƙeya, inda ido ba ya zuwa. Duk kitson da na yi mata, da shi nake rufewa. Mijinta malami ne mai makarantar zaure, sun zauna har Allah ya karɓe shi, ban tsammani ya taɓa sanin da zoben ba.

A gidanmu kuma ba a barin gashi a ƙasa. Abin da mataji ya ɗebo a dunƙule shi, a tona a binne. Tsofaffi suna cewa kada ya faɗa hannun mai mugun nufi, malamai suna cewa abin da ya fito daga jikin ɗan Adam yana da daraja. Yaya ta riƙe duka biyun. Da aka kai ta Farin Dutse, ni kuma na yi aure a nan Zandam, ba ta yarda a binne nata a can ba. In kitso ya tsufa ta aiko, in je, da ƙafa a da, daga baya a kan mashin. In na gama ta dunƙule gashin ta danƙa mini a tafin hannu.

"Ki mayar da shi gida."

Akwai lalle a bayan ɗakina. A gindinsa nake binnewa. Baƙin yana can, mai sirki yana can, farin yana can.

Mace ce mai ajiye magana. Mata su shigo da kuka, su zazzage mata cikinsu, ita tana ɓarar gyaɗa ko ɗago kai ba ta yi. In sun gama ta ƙwanƙwasa goshinta da yatsa ta ce, "Ya shiga ɗaki, na ja ƙyaure." Shi ke nan. Ko ni in na yi mata wayo ina tsakiyar kitso, na ce wai me ya kawo matar wane da sassafe, sai ta ce, "Ke waje aka ba ki, Auta. Yi tsagarki." Ban taɓa jin haushi ba, don na san babu wanda aka ba cikin. Ku riƙe wannan.

Lokacin da maigidana ya rasu na shiga takaba, ta tattaro ta dawo ɗakina. Kitsonta ya tsufa, ya tashi, ya zama kamar sheƙar tsuntsu. Na ce ta zauna in gyara mata, ba ni aka ce in yi ado ba, ita za a yi wa. Ta ƙi. Masu kitso na unguwa suka ce su za su yi mata, ta dube su kamar sun ce ta ci a bakin hanya.

"Kan Auta a tsefe, nawa a kitse? A'a. Mu jira tare."

Haka ta zauna da ƙaiƙayi da zafi har na fita. Ranar da na fita ta zauna tsakanin gwiwoyina, tana kallon gabanta, ta yi maganar nan.

"Hannunki ne ya fara, shi zai ƙare. Ran da aka kwantar da ni, ke za ki yi mini ukun nan."

Kun san mace in ta cika, bayan an wanke ta, akan raba gashinta uku a kitse a sake shi ta baya. Shi take nufi. Na ce ta daina, wa ya san gawar fari. Ta ce ita ta riga ni zuwa, ba za ta bari in yi mata shigar sauri ba.

Faɗanmu babba ɗaya ne, kuma a kan akuya ne. Ja ce, mai ƙaho ɗaya a karkace, mai ƙarfin tsiya. Yaya ta tsufa, ƙafa ta fara rawa, amma kullum da kanta za ta kwance ta, ta ja ta bayan gida, ta ɗaure. Na ce a sayar. Ta ce a'a. Na ce dabbar nan wata rana za ta kayar da ita. Ta ce, "Ke ma kin sha kayar da ni kina goye, ban sayar da ke ba." Na tashi na bar kitso rabi, na yi zaure. Ta bar ni na gama huci, sannan ta ɗaga murya ta ce in ba zan ƙarasa ba ta fita haka, ta ce wa duk wanda ya tambaya aikin Auta ne. Na dawo.

Amarya tana wurin ranar, tana tankaɗe, tana danne dariya. Yarinya ce marar hayaniya, 'yar manoma daga Gwaram. Hajiya take ce wa Yaya, ni kuma Inna. Ban taɓa ƙin ta ba. Kallon mai kawo ruwa nake yi mata, in ta ajiye ta fita. Ban san ana buɗe mata ƙyaure ba.

Bayan an gama yankan gero, waccan kakar, na je kitso. Ina kai tsinke gefen dama ta noƙe.

"Hannunki ya yi nauyi yau."

Na sassauta, na ƙarasa, na ɗaure zobe, na tafi. Ban ga kumburi ba, ban ga ƙwarzane ba. Daga nan abubuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ciwon kai. Barci da rana tsaka, ita da take zagin masu shi. Ƙafar hagu ta fara jan ƙasa. Ta zuba gishiri a koko. Ta kira ɗanta da sunansa tsirara, ɗan farin da ba ta taɓa ambata ba saboda kunya. Wasu suka ce tsufa, wasu suka ce iska, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Wata safiya ta kasa tashi. Ɗan nata, malamin firamare ne, ya samo mota suka yi Birnin Kudu, babban asibiti.

Ba a aiko mini ba sai da rana ta take. Ina ɓarar gyaɗa labari ya same ni. Na bar ƙwarya a buɗe kaji suka gode, na hau mashin, na hau bas.

Na same ta a gado, ido a rufe, tana numfashi. Amma ba fuskarta na fara gani ba. Kanta na gani, a tsefe, gashi ya bazu a kan matashi.

"Wa ya tsefe?"

Amarya ta miƙe ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Inna."

"Da izinin wa?"

"Mai ɗaukar hoton ce ta ce a cire duk wani ƙarfe, wai yana yi wa hoto walƙiya ya rufe abin da ake nema. Na cire 'yan kunne. Sai ta ce ko akwai saura. Na ce akwai na ƙeya."

Na ce akwai na ƙeya. Haka ta faɗa, kamar mai cewa akwai sauran tuwo a tukunya. Ashe ta sani.

"Ina zoben?"

"Yana wurina, Inna."

Na zauna a bakin gadon. Ita kuwa, a zatonta lallashi take yi, ta hau ba ni labarin injin. Wai fari ne ƙato, da rami a tsakiya kamar bakin rijiya da aka tayar tsaye. A kwantar da mutum a ɗan siririn gado, gadon ya zame da kansa ya kai kan cikin ramin. Ya yi ƙugi kamar injin niƙa na can wata unguwa. Ba ya taɓa mutum, ba zafi, ba jini. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Ina jinta ina cewa a raina, abin da ko taɓa ta bai yi ba, shi aka ba abin da ni aka hana.

Can aka ce likita na kiran 'yan uwa. Ɗanta ya ce in zauna in huta. Na ce in akwai wanda ya fi ni zama ɗan uwa a nan ya nuna kansa. Muka shiga mu uku.

Likitan sa'an jikana ne, amma yana da ladabi, ya ba ni kujera ya ce mini Inna. Ya juyo mana da fuskar na'urarsa, mai kama da talabijin. Ya ce hasken injin yana ratsa kai ta kowane gefe, sai injin ya tara abin da ya gani ya fitar da shi falle-falle.

"Kamar yadda kuke yanka kuɓewa za ku shanya, Inna. Sai dai mu ba wuƙa."

Sannan ya taɓa wani abu, fallayen suka hau kan juna, sai ga kai. Ƙoƙon kai, ba fata ba gashi, yana juyawa a hankali. Amarya ta kau da ido. Ni ban kau ba. Ga shafaffen wurin nan na ƙeya inda zobe ke kwanciya. Ga ɗan tudun bayan kunnen dama da tsinkena yake kauce wa tun ina kan turmi.

"Ita ce," na ce. "Wannan kan na san shi."

Ya yi murmushi, ya sake taɓawa, ƙoƙon ya buɗe. A nan sanina ya ƙare. Ga abu mai naɗe-naɗe, irin wanda muke gani a kan ragon layya. Ga wasu 'yan ɗakuna masu duhu a tsakiya. Ɗakuna, wallahi, kamar yadda take faɗa. Ya nuna gefen dama da bakin alƙalami, inda wani abu ya kwanta kamar jinjirin wata, tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ya ce jini ne ya daɗe yana tsattsafowa yana taruwa, ya danne ƙwaƙwalwa ya tura ta gefe, shi ya sa ƙafar ɗaya gefen ta mutu, magana ta rikice. Ya ce ga tsofaffi ɗan bugu kaɗan yakan jawo shi, ba ya kuma nunawa sai an kwana biyu.

"Ta taɓa faɗuwa, ko ta bugu a ka?"

"Ba ta taɓa ba," na ce. "Da ta faɗi da ni zan fara sani."

Sai na ji ƙaramar muryar Amarya a bayana.

"Ta faɗi, likita. Lokacin yankan gero. Akuya ce ta fizge ta, ta buga kai da turke. Ni na ɗaga ta. Ta ce kada in gaya wa kowa." Ta dubi ƙasa. "Ta ce musamman Inna."

Jama'a, an sha gaya mini magana mai ɗaci a duniya. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu. Amma musamman Inna ɗin nan wurinsa daban. Na yi kitso a kan jinin nan, yatsuna suna bisa, ban sani ba. Inji ya sani. 'Yar mutane ta sani. Ni da aka goya, ni da nake binne gashinta, an ja mini ƙyaure.

Ban yi kuka a gaban yara ba. Na matsa kusa da hoton na ce, "Ɗana, tunda ka buɗe, nuna mini. Ina ake ganin abin da mutum ya ajiye? Wanda yake so, wanda ya riƙe a rai, a wane ɗaki suke?"

"Inna, injin nan ƙashi da nama da jini yake gani. Wancan sai Allah."

Na ce alhamdulillahi, ko ba komai akwai abin da aka hana shi shi ma. Amma ban ɓoye muku ba, kaina nake nema a ciki, kuma ban gan ni ba.

Aka ce sai an kai ta Kano a yi aiki, a huda ƙashin a zuƙe jinin. Mai jinya ɗaya ake so, mai ƙafar hawa da sauka. Ba sai na faɗi wadda aka ɗauka ba. Na koma Zandam na zauna a gindin lalle. A waya aka gaya mini an yi aiki lafiya. A waya kuma aka gaya mini an aske mata kai. Aski, tas, da reza, a hannun wata ma'aikaciya da ban san sunan ubanta ba. Na ce gashin fa? Ɗanta ya ce, "Haba Inna, ana ta rai wa yake ta gashi?" Na kwana biyu abinci ba ya wuce mini, ina ganin farin gashin nan a kwandon shara, tare da auduga da bawon lemo.

Allah da ikonsa ta tashi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo. Ranar da aka dawo da ita na shiga ɗakin, ta ƙare mini kallo ta ce, "Auta, kin rame. Wa ya mutu?"

Kanta ɗaure da kallabi har gira. Tun daga ranar ban sake ganin kan nan ba. In lokacin wanke ciwo ya yi, Amarya ta shigo da ruwan ɗumi, Yaya ta ce in ɗan ba su wuri. Ni, in ba su wuri. In fito tsakar gida in zauna, ni da akuya muna kallon juna. Da ciwon ya warke na zo da mataji da man kaɗe. Ta ce, "Gonar ba ta tsiro ba tukuna." Na sake zuwa. Ta ce da saura. Zobe kuwa ban gan shi ba, ban kuma tambaya ba, don kada a ce mini an ba da shi.

Hoton ma da aka ba su a babbar takarda, baƙi mai sheƙi, in an ɗaga shi a rana ana ganin fallayen a jere, Yaya ta ce Amarya ta ajiye mata a akwatinta.

Rannan abin ya ci ni na kasa riƙewa. Muna zaune mu biyu na ce, "Yaya, kin gaya wa 'yar mutane, ni kin ɓoye mini."

"Da na gaya miki me za ki ce?"

"In ce a sayar da akuya."

"To kin gani."

"Ba wasa nake yi ba."

Ta daɗe tana murza carbi. Sannan ta ce, "Ita in na ba ta kaya, ta ɗauka ta ajiye. Ke in na ba ki, ki ɗauka ki kwanta ciwo. Tun kina goye haka kike. In na yi tuntuɓe ke ce mai kuka."

Magana ce mai kyau. Na san mai kyau ce. Amma ba ta sanyaya mini komai ba. Mai ciwo ma ai yana so a ba shi kayan ya ɗauka.

Ta ga damina, ta ga wata kakar, ta ci sabon gero. Sai ɗan zazzaɓi, wanda ba a ɗauke shi komai ba. Ta yi asuba a zaune, ta jingina, ta tafi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waya ta same ni rana ta fara ɗagawa. Mai mashin ɗin unguwarmu ya tafi kai kaya, sai da aka nemo wani, shi kuma tayarsa ta sace a hanya. Ina tsaye a bakin gona ana faci, rana tana hawa, na san yadda ake yi. Ba a ajiye gawa. Kabari ya haƙu, maza sun taru, liman ya aiko a hanzarta. Na ce a raina shi ke nan. Wadda ta tsefe, wadda ta ga ciki, wadda ta wanke ciwo, ita za ta ƙarasa. Me ya rage da ba a ba ta ba?

Na iso na tarar da maza cike da ƙofar gida, makara a jingine. Wani dattijo yana cewa wannan wane irin jinkiri ne. Na kutsa ciki. Mata sun yi cirko-cirko a tsakar gida, ruwa ya ɗumama har ya fara hucewa. Amarya kuwa tana zaune a dokin ƙofar ɗakin Yaya, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya, idanunta sun kumbura. Yarinyar da ban taɓa jin ta musa wa kowa ba. Mijinta yana tsaye a kanta.

"Ki tashi mana, mutane na jira!"

"Malam, ka yi haƙuri. Ko za a kai la'asar ba mai shiga. Ta ce kan na Inna ne."

Ta hango ni, ta janye ƙafafunta.

Muka shiga mu biyu, da wata dattijuwa da ta san hukuncin wanka. Amarya ta riƙe buta tana zubawa. Da aka zo kai, ta ja da baya har jikin bango, ta juya fuska. Na kwance kallabin da hannuna.

Gonar ta tsiro. Fari fat, laushi kamar na jariri, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Na bi da hannu. Ga ƙeya, ga tudun bayan kunne. A gefen dama kuma ga wasu 'yan lotsattsun wurare biyu da ban sani ba, inda aka huda. Na daɗe da yatsa a kansu, har na san su. Na wanke, na shafa mai, na yi tsaga. Gashin yana zamewa, amma na kama shi. Uku na yi, ƙanana kamar na 'yar yaye. Ban ja ba, ban tsinke ko ɗaya ba. Na sunkuya na ce mata a kunne, "Yau ban fige ki ba."

Bayan an fita da ita, gida ya ɗauki kuka, Amarya ta jawo ni cikin ɗaki ta buɗe akwatinta. Na ga bakin takardar hoton, na ɗauka ita za ta ba ni. Ta ɗaga ta gefe, ta ciro wani ƙullin tsumma ta danƙa mini a tafin hannu. Na kwance. Gashi ne, dogo, fari, wanda aka aske a Kano. Zoben yana tsakiya.

"Na roƙi mai askin ta bar ni in tsince. Tana ta mamaki, na durƙusa na tattara har na ƙarƙashin gado. Da Hajiya ta farfaɗo shi ta fara tambaya."

"Shekara guda yana hannunki kina kallona ina ramewa?"

"Ita ta hana, Inna. Ta ce in na ba ki tana da rai, za ki binne ki zauna makoki tun ba ta mutu ba. Ta ce in bari sai ranar, in ce miki ki mayar da shi gida."

A nan na yi kukan da ban yi a gaban likita ba.

To, ga inda kowa ya kwana. Ɗanta ya koma makarantarsa, yakan biyo ta Zandam ran Juma'a ya gaishe ni, har yau bai gane abin da aka tsare ƙofa a kansa ba. Likitan an ce yana nan yana leƙa kawunan mutane, Allah ya yi masa albarka, ya ƙara mana shekara guda da ita. Mai daddawa ta rasa abokiyar faɗa, ta fara zuwa wurina, amma ni ba na iya ajiye magana. Akuyar, wasiyya aka bari a kawo mini ita. Tana ɗaure a bayan ɗakina. Ba na yi mata magana, amma ba ta kwana da yunwa. Gashin yana gindin lalle tare da 'yan uwansa.

Hoton yana akwatin Amarya. Ban roƙa ba, ba ta ba ni ba. In na tuna ta ga Yaya a ƙasa gindin turke, ta ji abin da ban ji ba, har yanzu wani abu yakan tokare ni a ƙirji, kuma ban ce zai tafi ba. Sai dai bayan arba'in ta zo Zandam da mataji a jaka, ta ce ta ga kaina ya tsufa. Na dube ta, na dube ta, na sauka ƙasa na zauna tsakanin gwiwoyinta. Tsagarta a karkace take, hannunta kuma da nauyi. Da ta zo ƙeya na miƙa mata zoben ta baya, ban juyo ba. Ta san inda ake sa shi.

Iyakar abin da na ɗauko ke nan, na sauke. Wanda ya ji ya yi wa Yayata addu'a. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya buɗe mata ƙofar da ba a ja wa kowa ƙyaure. In na iso kuma, ta ba ni ciki.